TAMBAYA DA AMSA: An ce min intanet ₦15,000 a wata, sai ga wani "kuɗin layi" ya ɓullo

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na tambaya da amsa kan waya da intanet. Saƙonnin da sunka shigo wannan karon kusan rabinsu magana ɗaya ce, kuɗin intanet na gida, sai ka ce an haɗa baki. Inaga zafin nan na Sakkwato ne ya kora kowa ɗaki, ana kwance ƙarƙashin fanka ana kallon bidiyo data tana tsiyaya. Na zaɓo guda shida, na rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda munka saba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne ina zaune Mabera, ina da shagon POS da fotokwafi. Wasu samari sunka zo unguwarmu da takardar talla wai za su jawo muna intanet na waya har cikin gida, faiba suke ce mashi, ₦15,000 a wata. Na ce to ai da sauƙi tunda abin da ni da uwargida da yara muke kashewa wajen data ya hi haka nesa. Ranar da sunka zo haɗawa sai anka ce in kawo ₦45,000 na rauta, na'urar da ke raba waifai, da ₦30,000 na jawo waya, na daure na biya tunda an riga an kafa tsani. Ƙarshen wata bil ya zo ₦19,350, na kira su yarinyar ta ce wai akwai ₦3,000 kuɗin kula da layi sannan ga haraji. Dan Allah wanga abu halal ne ko dai wayau anka yi min? Daga mai karatunka a Mabera.

AMSA: Alhaji sannu da haƙuri. Bari mu fara da kalkuleta kafin mu je ga halal da haram, don ni na lura masu irin wannan talla babu abin da suke tsoro kamar mutum ya zauna ya yi lissafin shekara. ₦15,000 ka haɗa da ₦3,000 na layi ya zama ₦18,000, a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari wanda ake karɓa tun Fabrairun 2020, shi ne ya ba ka ₦19,350 ɗin nan, wato lissafinsu daidai yake ba su ƙara ko kwabo ba. Ka ninka sau 12 ya zama ₦232,200, ka zuba ₦75,000 na rauta da jawo waya, shekararka ta farko ta tashi ₦307,200. In ka raba wannan gida 12 kowane wata ₦25,600 kake biya, alhali takardar da sunka miƙa maka bakin shago ₦15,000 ta ce. Da a ce wani kamfani ya zo maka ya ce ₦22,000 a wata komai da komai har rauta, na tabbata korarsa za ka yi ka ce ya cika tsada, kuma shi ne mai sauƙin, don shekararsa ₦264,000 ce, ya rage maka ₦43,200.

Shi kuɗin layin a kan kansa ba ƙarya ba ne, wannan kam in faɗa maka gaskiya. Wayar da ta taso daga ofishinsu ta biyo falwaya ko ta ƙarƙashin ƙasa har zuwa zaurenka tana cin kuɗi ko ka kunna ko ba ka kunna ba, masu aikin hanya su tsinke ta da katafila, iskar farkon damina ta kayar da turke, ɓarayi su yanke suna zaton tagulla ce a ciki alhali zaren gilashi ne, ga gas na janareta ga albashin yaran da ke hawa tsani. Akwai ma kuɗin da gwamnatocin jihohi ke karɓa kafin a haƙa gefen titi a binne waya, wanda majalisar tattalin arziki ta ƙasa ta tsayar a kan ₦145 kowace mita, jihohi da yawa sunka daɗe suna karɓar ninkin ba ninkin haka, wasu kuma irin Kaduna sunka yafe shi baki ɗaya a 2020. Duk wannan dole wani ya biya, kuma kai ne wanin.

Inda gizo ke saƙa shi ne cire shi daga farashin da anka rubuta da manyan baƙaƙe. Kamar ka je tasha ka shiga motar Illela an ce maka kuɗin mota kaza, sai da kunka wuce Kware kun doshi Gwadabawa yaron mota ya juyo ya ce kuɗin kujera daban. To da a tsaye zan tahi? Duk abin da ba za ka iya cewa ba ka so ba, ba ƙari ba ne, cikin farashi yake. In da za ka iya karɓar intanet ɗin ka ce a riƙe layin ba ka buƙata, sai mu ce to haja biyu ce kowace da kuɗinta, amma ba zai yiwu ba, saboda haka farashin gaskiya ₦19,350 ne kuma shi ya kamata ya hau kan takarda.

Maganar halal, ni ba malamin fiƙihu ba ne fatawa sai ka je wajen masu ita, amma ko a karatun zaure an koya muna cewa cikin sharuɗɗan ciniki akwai sanin haja da sanin kuɗinta, shi ya sa ba a cinikin kifi a ruwa. Ta ɓangaren doka kuwa, dokar sadarwa ta 2003 ta ce kamfani ba zai sa farashi ba sai hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince, kuma ƙa'idar hukumar ta kare masu amfani da layi tun ta 2007 ta wajabta a bayyana wa mutum farashi da sharuɗɗa kafin ya shiga. To ka duba takardar da ka sa wa hannu ranar haɗawa, in akwai ta. Sau tari abin yana nan a can ƙasa da rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa, ni kaina kwanaki na karɓi irin takardar nan hannun wani yaro da ke zaune ƙarƙashin lema a titin Ahmadu Bello, sai da na ɗauke ta hoto na buɗa hoton da yatsu biyu sannan na iya karanta layin ƙarshe, na tambaye shi mene ne wannan ya ce wallahi shi ma bai taɓa lura ba. In babu kuɗin layin ko'ina a rubuce kana da magana mai ƙarfi, ka je ofishinsu da takardar tallan da rasit ɗinka ka shigar da ƙorafi, ka ce su ba ka lambar ƙorafin, in sun yi ta maka jeka-ka-dawo ka kira 622, layin NCC ne kyauta, abin da za su fara tambayarka lambar nan ce. Kuma tunda ka je, tambaye su rautar nan da ka ba da ₦45,000 taka ce ko tasu ce, don wasu ranar da ka ce ka daina sai su turo a kwance abinsu.

TAMBAYA: Ɗana, jikana na ni sa ya rubuto maka. Ni tsohon ma'aikaci na, na yi ritaya tun mulkin soja. Na ji yara suna gardama bisa kuɗɗin layi na intanet, ni ko sai ya tuna min da rental da muka biya zamanin NITEL, ko ka buga waya ko ba ka buga ba wata ya ƙare sai ka biya. Shin wanga shi na wancan ya dawo da sabon suna? Kuma har yanzu ana samun wayar girke irin ta da? Daga wani dattijo a Ƙofar Atiku.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa a gama lafiya. Wallahi kun harbo daidai, kakan wannan ne. A zamanin wayar girke bil kashi biyu ne, akwai kuɗin hayar layi wanda ba ya motsi, akwai kuɗin kiran da mutum ya yi. Dalili kuwa kowane gida da wayar tagullarsa guda biyu da ta taso tun daga babban ofishin haɗa layi har bangon ɗakinsa, ba ya tarayya da kowa a kanta, to hayar wannan igiyar ake biya.

Don yaran da ba su riski lokacin ba, ita NITEL an kafa ta a 1985 da anka haɗe sashen waya na P&T, wato hukumar gidan waya da tarho, da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, kuma har zuwa 2001 layukan da ke aiki duk faɗin Najeriya ba su wuce wajen dubu 400 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 100. Lambar Sakkwato 060 ce, Kaduna 062, Kano 064, Legas 01. Ina tuna wayar gidan kawuna, baƙa ce mai nauyi an ɗora ta kan wani ɗan teburi a falo an shimfiɗa mata kyalle mai ado, ga ɗan ƙaramin kwaɗo an saƙala a ramin faifan lambobin don kada mu yara mu juya, makullin yana aljihun kawu tare da na mota. In ta yi ƙara duk gidan sai a yi tsit, maƙwabta ma nan ake kiransu, a aike ni da gudu in kira wance ana nemanta daga Kaduna za a sake bugowa bayan minti goma, ta zo ta zauna gefen kujera tana gyara mayafi tana kallon wayar.

Abin da ya kashe hayar layi a wajenmu shi ne wayar salula. A Janairun 2001 gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin GSM, MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285, cikin Agustan shekarar anka fara kira, Glo ta shigo 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa. Tunda ƙarfen sabis guda ɗaya yana ɗaukar dubban mutane babu igiyar kowa, sai tsarin ya koma sa kati ka yi magana, ba ka sa ba babu mai bin ka bashi. Mun shekara ashirin da wani abu a haka har mun manta akwai wani abu wai shi kuɗin wata-wata na dole, shi ya sa yanzu da faiba ta zo, igiya ta sake shiga gida, tsohon lissafi ya biyo ta yara suke ganin baƙon abu. Kun kuma tuna Baba ko a wutar lantarki an yi irinsa, kuɗin dindindin da ake ɗora wa kowane mai mita duk wata ko an kawo wuta ko ba a kawo ba, sai da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta soke shi daga Fabrairun 2016 bayan koke ya yi yawa.

Wayar girke irin ta tagulla kam ta zama tarihi. NITEL an sayar wa Transcorp a 2006 anka warware cinikin a 2009, daga baya kamfanin NATCOM ya sayi kadarorinta ya fito da ntel a 2016. Abin da za ku samu yanzu mai kama da ita shi ne wayar teburi mai cin sim, tana da hannu da igiya mai lanƙwasa kamar ta da, lambobinta manya masu daɗin dannawa ga wanda ido ya fara rauni, amma cikinta salula ce, kati ake sa mata babu haya. A sa jikan ya duba muku wajen masu sayar da waya.

TAMBAYA: Slm Malam, ni ɗaliba ce a jami'ar Ɗanfodiyo. Yayata tana aure a Ingila, ta taɓa ce min lokacin da ta je sabo-sabo suna biyan kuɗin wayar girke duk wata alhali ko wayar ba su da ita a gidan, wai in ba su biya ba babu intanet. Ni na ɗauka irin wannan sai Najeriya, ashe har Turawa?

AMSA: Ƙanwata ai su ne malaman abin. A Birtaniya a wancan lokacin yawancin gidaje intanet ɗinsu ta tsohuwar wayar tarho ta tagulla yake shigowa, ko dai tun daga ofishin haɗa layi ko daga akwatin da ke bakin titi, kuma akasarin igiyoyin nan na Openreach ne wanda ke ƙarƙashin babban kamfanin waya na BT, sauran kamfanoni haya suke biya su bi ta kai. To sai kamfanonin sunka gano wata dabara, a rubuta a allon talla da baƙaƙe kamar ƙofar gari cewa intanet fam biyar a wata, wani ma ya ce kyauta har shekara guda, can ƙasa kuma a ce sai an haɗa da hayar layi fam 17 ko 18 duk wata. Gasar tana kan lambar da ido ke gani, ita kuma hayar layin kusan duk shekara sai ta ɗan ƙara sama, alhali abin da kamfanonin ke biyan Openreach na sari ba hawa yake ba, sauka ma yake.

A farkon 2016 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasar, ASA, tare da hukumar sadarwarsu Ofcom sunka fitar da wani bincike da anka nuna wa mutane irin tallan nan anka ce su faɗi nawa kwantiragin zai ci gaba ɗaya, kashi 81 cikin ɗari sunka kasa. Ki lura fa, mutanen da Turancin harshen uwarsu ne, balle Alhajinmu na Mabera da anka tare shi yana tsakiyar ba da canji. Daga 31 ga Oktoban 2016 anka hana raba farashin, dole talla ta nuna kuɗin wata guda ɗaya da hayar layi a ciki, ta nuna kuɗin haɗawa na farko, da tsawon kwantiragi, da abin da farashin zai koma in rangwamen ya ƙare. Babu wanda anka ce ya rage ko fam ɗaya, cewa kawai anka yi a faɗa a dunƙule, amma daga ranar intanet na kyauta ya ɓace daga allunan talla.

Waɗanda sunka fi shan wuya a tsohon tsarin tsofaffi ne masu wayar girke kaɗai babu intanet, suna biyan hayar da ke ta hawa ba su ci moriyar rangwamen intanet ɗin ba. Sai da Ofcom ta matsa, BT ta rage masu daga fam 18.99 zuwa 11.99 a Afrilun 2018. Da anka toshe wannan ƙofa sai wata ta buɗe, ƙarin farashi a tsakiyar kwantiragi da ake ɗaurawa a kan hauhawar farashin kaya a ƙara wani kaso a sama, wanda babu mai iya sanin nawa zai zama ranar da yake sa hannu, shi ma daga Janairun 2025 Ofcom ta ce dole a rubuta ƙarin fam nawa ne da kwabo nawa tun ranar farko. Amurka kuma daga Afrilun 2024 hukumar sadarwarsu ta FCC ta sa manyan kamfanoni su riƙa manna wani ɗan jadawali irin wanda ake gani bayan gwangwanin madara, farashi, ƙarin caji, gudun intanet, yawan data, duk a wuri ɗaya.

Mu nan NCC ta ɗan taɓa, a 2024 ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa farashi ga kamfanonin salula, kowanne kada ya wuce tsarin kira 7 da ƙunshi 100, kuma ya wallafa bayanin kowanne a fili. Abu ne mai kyau amma ni a ganina ɗari ma ai kasuwar Kara ce, wa zai zauna ya tantance ɗari. Abin da nake so in gani shi ne a ce duk mai raba takardar intanet na gida a unguwa, babba ko ƙarami, lambar da ta fi girma a takardar ta zama abin da zai fita aljihun mutum ƙarshen wata har da haraji, kusa da ita kuɗin ranar haɗawa, kuma a rubuta da Hausa tunda Mabera da Gidan Dare anka zo rabawa ba Ikoyi ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Mun sayi rauta mai sim an ce muna anlimited ne ba ya ƙarewa, amma duk wata in an kai wajen ranar 18 sai ya koma kamar hawainiya, ko hoton atamfa zan tura wa kwastoma a WhatsApp sai ya yi ta juyi. Na kira sun ce wai data ba ta ƙare ba. To mene ne amfanin ta? Hajiya daga Arkilla.

AMSA: Hajiya lafiya lau, ya kasuwa. Ba su yi maki ƙarya ba kuma ba su faɗa maki gaskiya ba. Yawancin anlimited na rauta mai sim yana da wani sharaɗi da suke kira amfani bisa adalci, wato akwai adadin gigabait da za ki sha da cikakken gudu, kina kaiwa nan sai a shaƙe bututun ya koma ɗigo har wata ya ƙare. Famfon bai ɗauke ba amma kafin ki cika bokiti rana ta faɗi. Wannan adadin shi ne ainihin abin da kika saya, kuma shi ne ba a son faɗa da ƙarfi. Ki tambaye su abu biyu, gigabait nawa ne kafin a rage gudu, in an rage kuma zuwa nawa, ki ce su turo maki a rubuce ta tes.

Sannan ki duba cikin gida. Bidiyo mai kyan hoto yana iya cin har gigabait 3 a awa ɗaya, in talabijin ɗin falo tana haɗe da waifai yara suna kallon katun tun dawowa Islamiyya har isha, ga wayoyi shida kowace tana sabunta manhajojinta da kanta da zarar ta ji waifai, ga ɗan maƙwabta da autanki ya ba fasuwod don a bar shi ya buga ƙwallo, ranar 18 ma kun yi ƙoƙari. Ki sa a canza fasuwod ɗin, a shiga saitin YouTube a rage ƙarfin hoto, za ki ga bambanci. Wani abu kuma da ke ruɗa mutane, gudun da ake tallatawa da megabit ake auna shi, ita kuwa data da megabait, kuma bit takwas ke yin bait ɗaya, saboda haka in an ce maki gudu 20 abin da zai sauka a daƙiƙa bai wuce megabait biyu da rabi ba, shi ma in sabis ya yi kyau, don kalmar "har zuwa" da suke sawa gaban lambar ba ado ba ce.

TAMBAYA: Yallaɓai mu nan Tambuwal faiba ba ta iso muna ba. Muna shawarar mu haɗa kuɗi mu biyar mu sayi Starlink, shi ma yana da ɓoyayyen caji?

AMSA: Shi kam babu hayar layi tunda babu layin, daga tauraron ɗan adam yake sauka kan faranti, kuma Najeriya ce ƙasar farko a Afirka da ya fara aiki a Janairun 2023. Farashinsa a buɗe yake a shafinsu, kuɗin na'ura sau ɗaya da kuɗin wata. Sai dai ku sa abu biyu a lissafi. Na farko kuɗin watan yana motsi, a Oktoban 2024 sun tashe shi daga ₦38,000 zuwa ₦75,000 lokaci guda, NCC ta ce ba da izininta ba, sunka janye, daga baya dai an sake daidaita shi sama da na farkon, don haka ku duba na yau kafin ku yanke, kuma ku yi yarjejeniya tsakaninku in ya tashi yaya za a yi, kada zumunci ya ɓaci a kan faranti. Na biyu wuta, na'urar tana jan wajen wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfurinta kuma so take ta kwana a kunne, in ba ku da sola da batir mai riƙewa to wannan shi ne kuɗin layinku, sai dai mai sola za ku ba. In kuma niyyar ku riƙa sayar wa 'yan unguwa ne awa-awa, ku karanta sharuɗɗan tukuna, tsarin gida ba a yarda a yi kasuwanci da shi haka ba.

TAMBAYA: Malam me ya sa data ta yi tsada haka ne, abin da nake saye a da yanzu ya kusa ninkawa, kuma wace lamba ake duba saura? Ɗan acaba daga Runjin Sambo.

AMSA: Abokina a Janairun 2025 ne NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara har kashi 50 cikin ɗari, su kashi 100 ma sunka nema, hujjarsu faɗuwar naira da tsadar gas kuma rabon da a taɓa farashin tun 2013. In naka ya fi rabi tashi, mai yiwuwa ƙunshin da ka saba saye ne anka cire ko anka rage masa kwanaki, ka sake duba jerin da kyau kada ka danna inda hannunka ya saba. Lambobin yanzu iri ɗaya ne a duk layuka, *312# sayen data, *323# duba saura, *310# duba kati, 300 kiran kamfani. In an tambaye ka sau ɗaya ko a riƙa sabuntawa da kansa, zaɓi sau ɗaya, in ba haka ba kana sa katin kiran fasinja za a zare.

Wanda ya turo saƙon murya na minti tara daga Illela kan yadda wayarsa ke tsallakawa layin Nijar in ya matsa kusa da Ƙonni, na saurara har ƙarshe, amsarka tana da tsawo sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Kafin nan ka shiga saitin sim ka kashe romin na data, wato shan data ta layin wata ƙasa, ka kuma zaɓi layinka da hannu maimakon ka bar wayar tana zaɓa da kanta.